Haft-sin na haɗe a kasuwar Tajrish: kwanukan sun yi, amma sabze da samanu a saye su daban

Daga tsakiyar watan Isfand, watan ƙarshe a kalandar Iran, wato makon farko na Maris, bakin shagunan kasuwar Tajrish da ke arewacin Tehran, jikin hubbaren Imamzade Saleh, yakan cika da manyan tire a jere, kowanne an naɗe shi da leda mai sheƙi an ɗaure da jan ƙyalle. Wannan shi ne haft-sin na haɗe, kayan shimfiɗar Nauruz, bikin sabuwar shekarar Iran, da aka tara wa mai saye wuri ɗaya don kada ya sha yawon kasuwa. Abubuwa bakwai ne ginshiƙin shimfiɗar, kuma duk sunayensu na Farisanci da harafin sin suke farawa: sabze, wato tsiron hatsi, samanu, wani abin zaƙi mai kauri da ake dafawa da ruwan tsiron alkama, sanjid, busasshen ɗan itace mai jan ɓawo da gari a ciki, sir, tafarnuwa, sib, tuffa, sumak, jan gari mai tsami da ake barbaɗawa a gasasshen nama, sai sirke, ruwan khal. Wasu 'yan kasuwa sukan ƙara madubi da kyandir biyu da ƙwai masu fenti da sulalla, wasu har da tukunyar sumbul, wani fure mai ƙamshi da ke fitowa daga albasa, da ɗan jan kifi a kwalba.

Ra'ayinmu kan wannan haja shi ne, kwanukan da busassun kayan sun ci kuɗinsu in an iya zaɓe, amma duk wani abu mai rai ko mai danshi da aka cusa cikin ledar, gara a saye shi daban, a ranar da ta dace da shi. Dalilin kuwa lissafin kwana ne. Ba ranar biki ɗaya ake yi wa shimfiɗar ba. Dole ta kammala kafin tahwil, shigowar sabuwar shekara, daidai daƙiƙar da rana ke ratsa tsakiyar duniya dare da yini su daidaita, sannan ta zauna a falo tana karɓar baƙi har 13 ga Farwardin, watan farko, ranar Sizda Bedar da ake rufe bikin, wadda ke faɗawa 1 ko 2 ga Afrilu. Lokacin tahwil ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana matsawa da kusan awa shida: a 2024 ya kama ƙarfe 6:36 na safe agogon Tehran, a 2025 ƙarfe 12:31 na rana, a 2026 kuma wajen 6:16 na yamma, duk a ranar 20 ga Maris. Tiren da aka haɗa kwana goma kafin tahwil, ke nan ana so ya yi sama da mako uku bai lalace ba. Tafarnuwa da sumak za su kai. Samanu ba zai kai ba ko kusa.

A fara da kwanukan, tunda su ne rabin kuɗin, su ne kuma abin da zai saura shekara mai zuwa. Iri huɗu aka fi gani. Akwai na yumbu mai shuɗin ruwan tangaran, yawancinsu daga Lalejin ta lardin Hamadan, garin da ya shahara da ginin tukwane. Akwai na tagulla mai zanen mina, wato rufin gilashi mai launi da ake gasawa a jikin ƙarfe, daga Isfahan, su ne masu tsada. Akwai na gilashi. Sai kuma masu araha da aka zuba da farar ƙasar filasta aka shafa musu fenti, waɗanda daga nesa ba a bambanta su da na Lalejin. Araha ba ta ado: na filasta yana shan ruwa, fentin ya ɓare, gindin ya ruɓe cikin kwana kaɗan da zarar an zuba masa khal ko samanu. Gane shi ba wuya. A ƙwanƙwasa gefen da farce. Yumbun da ya gasu sosai yana amsawa da ƙara mai tsawo, filasta kuwa ƙarar a mace take. A kifa kwanon a duba gindi, in ya yi fari fat yana barin gari a yatsa, a ajiye shi.

Khal ne ke tona asirin kwano. In minar ta tsage ko ta ɗan ɓalle a ciki, tsamin zai ci tagullar da ke ƙasa, ruwan ya koma kore, kuma wannan koren guba ne. A yumbu mai ado ma, wani ruwan tangaran yana ɗauke da dalma, tsami kuma yana jawo ta waje. Saboda haka ko da an sayi jerin mina ko na yumbu, a sa khal a ƙaramin kofin gilashi a ɗora cikin kwanon, rubu'in kofi ya wadatar, a riƙa ƙarawa in ya ƙafe. Samanun da yara za su lasa shi ma a gilashi ya fi. Wani abin dubawa shi ne adadi: jeri da yawa kwanuka shida ne, domin ana ɗaukar sabze yana da farantinsa. Wannan ba algus ba ne, amma a tambaya kafin a biya.

Busassun kayan ba su da dogon bayani. Sanjid goma zuwa sha biyar sun cika kwano. A fasa ɗaya, garin ya zama fari-fari a bushe, ba zaren tsutsa, ba ƙaramin rami a ɓawo. Tafarnuwar ƙarshen hunturu takan fara tsiro, don haka a matsa kan, ya yi tauri, kada koren baki ya leƙo. Sumak cokali uku ya isa, kuma wanda ja ɗinsa ya yi kauri zuwa ruwan ƙasa ya fi wanda ya yi jawur kamar an rina. A ɗanɗana, in gishiri ne ya fara zuwa harshe kafin tsami, an ƙara masa nauyi ke nan. Tuffar cikin leda takan yi gumi ta yi tabo, gara a ɗauko sabuwa daga wurin masu kayan marmari ana gobe tahwil.

Sabze ne wurin da tire na haɗe ya fi ba da kunya, kuma shi ne abin da ido ke fara sauka a kai. Ɗan kasuwa yana son tsiron da ya kai tsayin hannu, kore shar, domin shi ke jan mai saye. Amma alkamar da aka shuka ba ƙasa, abincinta kawai shi ne abin da ke cikin ƙwayar. Idan ta kai santimita 15 ta kusa cinye guzurinta, kuma a falon da ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, kamar yadda ake yi a Tehran har cikin Maris, ba za ta wuce kwana biyar ko shida ba sai ta kwanta ta yi rawaya daga ƙasa. Ledar da aka naɗe ta kuma tana riƙe tururi, funfuna ta samu wurin zama. Mai son saye ya jira sai saura kwana biyu ko uku, ya zaɓi wanda bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba. Ya ɗaga gefe ɗaya ya duba saiwar: ta zama fara, ta saƙu har dukan tsiron ya tashi gaba ɗaya. Ya shinshina, warin tsami na nufin ƙwayar ta fara ruɓa. Akwai farin gashi mai laushi da ke fitowa jikin sabuwar saiwa wanda mutane ke ɗauka funfuna ce. A fesa masa ruwa: gashin saiwa yakan lafe ya ɓace, funfuna kuwa tana nan kamar saƙar gizo-gizo a tsakanin ƙwayoyin, ga wari.

Wanda yake da makonni biyu a hannu, shuka nasa ya fi masa, kuma aikin bai taka kara ya karya ba. Ga faranti mai faɗin santimita 20, alkama gram 200 zuwa 250 ta isa. Sharaɗi na farko, ta zama cikakkiyar ƙwaya da ba a surfa ba. Alkamar da aka cire wa dusa don dafa halim, faten alkama da nama, ba ta tsiro ko an shekara ana ba ta ruwa, haka adas, wani ƙaramin wake da shi ma ake shukawa, in an ɓare shi gida biyu. A wanke, a jiƙa awa 24 zuwa 48, ana sauya ruwan safe da yamma, domin ruwan da ya kwana biyu ba a taɓa ba shi ke fara kawo tsami. A tsane, a ƙunshe a ƙyallen auduga mai danshi kwana biyu ko uku har fararen bakuna su fito. Sannan a baza a faranti, kauri kada ya wuce santimita 2, a rufe da ƙyallen. Da koren kai ya fara ɗaga ƙyallen, a cire shi a kai farantin kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta duka kai tsaye. Ruwa sau biyu a yini, kuma bayan kowane shayarwa a karkata farantin a zubar da abin da ya kwanta. Yawancin sabzen da ke mutuwa a gida ruwa ne ya yi masa yawa, ba ƙishi ba. A riƙa juya farantin kullum, in ba haka ba duk tsiron zai karkata wajen taga. Alkama takan so kwana 12 zuwa 14 daga jiƙo zuwa shimfiɗa, adas kwana 15 zuwa 18, gwargwadon ɗumin ɗakin. Adas ya fi kyan gani saboda ƙananan ganyensa, amma alkama na da wata fa'ida: in ta yi tsayi ta fara kwanciya, ana iya datse kanta da almakashi ta sake miƙewa. Jan ƙyallen da ake ɗaurawa a kugu shi ma ba ado kaɗai ba ne, yana tallafe tsiron, sai dai kada a matse.

Ana sayar da wani nau'in sabze a jikin ɗan tulu. Ana naɗe tulun yumbu da siririn ƙyalle, a jiƙa 'ya'yan lansir har su yi yauƙi, a shafe jikin da su, a cika tulun da ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumbun shi ke shayar da su, cikin mako guda tulun ya yi kore. Wannan ya fi na faranti jure sayen kasuwa, tunda shi ke ba kansa ruwa, muddin ba a bar cikin ya ƙafe ba. A tabbatar tulun ba shi da ruwan tangaran, domin mai sheƙi ba ya tsattsafo. Wasu gidaje kuma sun koma shuka ƙwayar naranj, lemo mai ɗaci, a tukunyar ƙasa, saboda takaicin alkamar da ake zubarwa kowace shekara. Ra'ayi ne mai kyau, don ana iya dasa tsiron daga baya, amma yana son wata ɗaya da rabi zuwa biyu, ba abin da za a tuna da shi a makon ƙarshe ba ne.

A samanu shawarar ta juya: a saya, kada a dafa, sai dai ba na cikin tire ba. Sanin yadda ake yinsa shi ke koya wa mutum gane mai kyau. Alkama rabin kilo ake tsirarwa ga garin alkama kilo 2, gari mai dusa irin na burodin sangak. Ana barin tsiron ya kai santimita ɗaya zuwa biyu yana nan fari. Da ya yi kore, ɗaci ya shiga. A markaɗa da ruwa, a tace, a sake markaɗa tuƙar a tace har sau uku. Ruwan farko, mai kauri, da shi ake dama garin tun tukunya na sanyi, sannan a ɗora a wuta kaɗan. A nan ne abin mamakin yake: maimakon damun ya yi kauri, sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, domin sinadarin da ke cikin tsiron yana narka sitacin garin yana mai da shi sukari. Sinadarin ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70, yana kuma mutuwa in an tafasa. Wanda ya buɗe wuta tun farko don ya gama da wuri, zai ƙare da tukunyar da ba zaƙi, daga nan ne wasu ke rufe aibin da sukari ko ruwan dabino. Bayan zaƙin ya fito ake ƙara wuta, a yi ta tuƙi da muciya har ruwan ya janye launin ya koma ruwan ƙasa mai duhu, a zuba sauran ruwan tacin, a ci gaba, daga ƙarshe a rufe a bar shi ya turara. Aikin awa takwas ne zuwa sha biyu, a manyan tukwane ma ya fi haka, shi ya sa bisa al'ada mata ke taruwa su kwana a kansa suna karɓa-karɓa da addu'o'i, da yawa a matsayin alwashi da sunan Nana Faɗima, ana jefa almon da goron walnat da ɓawonsu a ciki.

A Tajrish ana samun masu sayar da shi daga babbar tukunya a kan awo, kuma a nan kasuwar ta yi fice, domin ana ba da ɗanɗano kafin saye. Mai kyau yana sheƙi, yana riƙe cokali, zaƙinsa a hankali yake zuwa da ƙamshin gasasshiyar alkama. In zaƙin ya caki maƙogwaro nan take, an yi masa ƙari. In ana jin ɗanyen gari, bai dahu ba. Ɗaci na nuna koren tsiro ko ƙanzon da ya kama gindi aka kankaro. Ƙananan kumfa a sama da ɗan tsami kuwa, ya fara lalacewa, kuma wannan shi ne halin da ake yawan tarar da wanda ya yi mako a leda a bakin shago. Rabin kilo ya ishi ƙaramin gida. A ajiye shi a firji, a riƙa ɗibar cokali huɗu ko biyar ana sawa a shimfiɗa, ana sauyawa duk bayan kwana biyu.

Furen sumbul a saye shi yana dunƙule, launi ya fara leƙowa daga ƙasan zangarniyar kawai. Wanda ya buɗe sarai a kasuwa saura masa 'yan kwanaki. Yana son sanyi, don haka da dare a fitar da shi baranda ko a kai shi ɗakin da ba a ɗumamawa, a shimfiɗa kuma kada a jingina shi da tuffa, domin iskar da tuffa ke fitarwa tana saurin tsufar da fure. Albasarsa guba ce ga kyanwa, tana kuma sa ƙaiƙayi a hannu. Ƙwai dafaffe ba ya kwana 13 a falo mai ɗumi. Na katako ko na yumbu ko na filasta da ke zuwa cikin tire sun fi, kuma nan ne kaɗai filasta ba ta da laifi. Kyandir a nisanta shi da tirme, saƙaƙƙen ƙyalle mai ado na birnin Yazd da aka saba shimfiɗawa, da kuma ganyen sabze in ya fara bushewa. Alƙur'ani da diwanin Hafiz, littafin waƙoƙin shahararren mawaƙin Farisa, ba sa cikin haja, daga gida suke fitowa.

Kifin kuwa, da za a ji tamu, a bar shi a kasuwa. Ba ya cikin bakwai ɗin, kuma kwalbar da ake haɗawa da shi, mai ƙunƙuntar baki da ba ta wuce lita ɗaya ko biyu ba, ba wurin rayuwa ba ne. Iska ba ta shiga ruwan sosai, kashin kifin yana taruwa ya zama guba, ruwan famfo kuma yana da sinadarin kulorin da ke ƙona masa gaɓoɓin numfashi. Shi ya sa da yawa ba sa kai ranar sha uku, waɗanda suka kai kuma akan sake su a tafki ko rafi inda suke cutar da kifayen asali. Akwai tsohuwar al'ada mai kyau da ke maye gurbinsa: naranj ɗaya yana yawo a kwanon ruwa. Wanda yara suka matsa masa har ya saya, ya nemi mazubi mai faɗin baki da ya ɗauki lita goma ko fiye, ya tari ruwan famfo ya bar shi a buɗe awa 24 kafin amfani, ya riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku duk kwana biyu da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na ciki, abinci kuma ɗan abin da kifin zai cinye cikin minti biyu. Ya kuma san tun farko cewa jan kifi na iya shekara goma in ya samu kula, ya tanadi inda zai zauna bayan biki.

Game da kasuwar kanta, isa ba wuya, tunda layin jirgin ƙasa na 1 a Tajrish yake ƙarewa, kuma a makon ƙarshe na Isfand shiga da mota asarar yini ce. Safiya ta fi, kafin lungunan su toshe. A kauce wa yammacin Talata, jajibirin Larabar ƙarshe ta shekara, daren Caharshambe Suri, lokacin da ake hura wuta ana tsallakewa, tituna suka cika da tartsatsin wasa, shaguna da yawa kuma suke rufewa da wuri. Baƙo ya sani katin Visa da Mastercard ba sa aiki a Iran, sai tsabar kuɗi ko katin bankin ƙasar. Ana faɗin farashi da toman, na'urar kati kuma da riyal take lissafi, toman ɗaya riyal goma, don haka a ƙirga sifili kafin a danna lamba. Ciniki yana tafiya a kan kwanuka da kayan masu baza haja a bakin titi, amma ba sosai a kan abin awo ba.

Zuwa uku ya fi zuwa ɗaya. Na farko saura mako biyu, lokacin da gidaje ke cikin hane-tekani, babbar sharar shekara: kwanuka, madubi, kyandir, sanjid, sumak, khal da alkamar shuka, tun zaɓi na da yawa. Na biyu saura kwana uku: sumbul, tafarnuwa, da sabze ga wanda bai shuka ba. Na uku ana gobe: samanu da tuffa, tare da ganyayyaki da kifin da za a dafa sabzi polo, shinkafa da ganye ta ranar biki. Gaskiya ne a sa'o'in ƙarshe kafin tahwil masu fure da sabze sukan karya farashi don kada kaya su kwana musu, amma abin da ya rage a lokacin shi ne wanda kowa ya ɗaga ya ajiye.

Akwai wani aibi na sabzen kasuwa da ba a lura da shi sai ranar Sizda Bedar, lokacin da iyalai ke fita bayan gari, marasa aure su ƙulla ganyen, a jefa shi a ruwa mai gudu. Da yawa ana shuka su a robar da saiwa ta kama ta ta ƙananan ramuka, wasu ma an manna musu ƙyalli da furen leda, sai a ga an jefa duka a rafi. A zare tsiron daga mazubinsa tun a gida, a kwance ƙyallen, a tafi da ganye da saiwa kaɗai. Kwanukan kuma a wanke su da hannu a ranar, ba da soson ƙarfe ba, na mina a goge su su bushe sarai kafin a naɗe kowanne a takarda, domin danshin da ya maƙale a tsaguwar mina shi ke cin tagullar kafin Isfand mai zuwa.